Ƙarƙashin Teku Ba A Yi Wa Aboki Kara

A darasin da na yi da ɗalibaina 'yan aji uku a makon jiya, gaisuwa ce ta cinye mana sa'o'i biyu. Na tambaye su ko a cikinsu akwai wanda aka taɓa ce wa "ina kwana?" ya amsa da cewa bai kwana lafiya ba. Dariya suka yi. Bahaushe ko a gadon asibiti yake, an ɗaura masa ruwa hannu biyu, idan ka ce masa "yaya jiki?" amsar da za ka ji ita ce "da sauƙi". Ba ƙarya ya yi maka ba, domin kai ma ba rahoton likita ka nema ba. Masana harshe sun daɗe da lura da irin wannan magana wadda aikinta ɗinke zumunci kawai, kuma tun a 1923 Bronislaw Malinowski ya ware mata suna na kanta. Muna cikin haka sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to akwai wurin da ake tambayar lafiyar mutum kuma ya zama dole ya faɗi gaskiya?" Na ce mata na san wuri ɗaya, kuma saura ƙiris in bar raina a can saboda na amsa tambayar da irin amsarmu ta gida. Lokaci ya ƙure ban ba su labarin ba. Shi ne na ga ya dace in kawo shi wannan fili.

Wurin shi ne ƙarƙashin teku. A shekarun da nake karatun digiri na uku a Malesiya, wasu abokan karatu suka ja ni zuwa tsibirin Tioman, inda na koyi nutso da tukunyar iska, abin da Turawa ke kira sikuba. Ga wanda bai taɓa gani ba, mutum yakan goya tukunyar ƙarfe da aka ɗura wa iska, irin wannan da muke shaƙa amma an matse ta matuƙa, bututu ya fito daga tukunyar zuwa wani abin shaƙa da ake riƙewa da haƙora. Yakan sa gilashin da ke rufe idanu da hanci, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, da ɗamarar dalma da za ta taimaka masa ya nitse, da wata falmaran da ake hura wa iska ko a sace ta domin daidaita hawa da sauka. Tushen wannan na'ura ta zamani shi ne aikin da Faransawa biyu, Jacques Cousteau da injiniya Emile Gagnan, suka kammala a 1943. Manyan ƙungiyoyin koyar da nutso, irin su BSAC ta Birtaniya da aka kafa a 1953 da PADI ta Amurka da aka kafa a 1966, sun sha bamban a abubuwa da dama, amma sun haɗu a kan ƙa'ida guda ga mai koyo: ba ya shiga ruwa shi kaɗai. Dole ya kasance da abokin nutso, su sauka tare, su yi yawo tare, su fito tare.

Ƙa'idar tana da sauƙin faɗi. Wahalarta ba ta bayyana sai mutum ya ga abin da ruwa ke ƙwacewa daga hannunsa. Farko dai baki ya tafi, tunda cike yake da abin shaƙa, kuma ko ka yi ihu, kumfa ce kawai za ta tashi. Kunne yana nan, amma ya zama shaidan zur. A sarari sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa guda, a ruwan teku kuwa kusan mita 1,500. Ƙwaƙwalwa tana gane inda ƙara ta fito ne ta hanyar ɗan bambancin lokacin da ta isa kunnen dama da na hagu, to a cikin ruwa bambancin yakan ƙanƙance har ya ɓace mata. Abokinka zai ƙwanƙwasa tukunyarsa da ƙarfe, ka ji sarai, amma ka rasa ko daga sama ne, ko daga baya, ko daga ƙasa. Ido ma an rage masa iko. Gilashin fuska yana toshe gefe da gefe kamar yadda ake rufe wa doki, yana ƙara wa abu girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, yana kuma jawo shi kusa fiye da inda yake. Launin ja shi ne ke fara gushewa tun a 'yan mitocin farko, har ta kai idan mutum ya yanke a wuri mai zurfi jininsa kan fito kamar kore mai duhu. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To a can fuskar ma an rufe ta, saura idanu biyu a bayan gilashi.

Abin da ya rage shi ne hannu, kuma da shi masu nutso suka gina ɗan ƙaramin harshensu. A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fara burge ni shi ne tsumulmularsa: kalmominsa na yau da kullum ba su fi a ƙirga a zama ɗaya ba, kuma kusan dukkansu a kan rai da iska suke. Idan mutum ya shimfiɗa tafin hannu yana karkaɗa shi dama da hagu, yana nufin akwai matsala, sai ya nuna inda take, ko kunne ko ƙafa ko bututu. Idan ya ɗora yatsu biyu a tafin ɗaya hannun, tambayarka yake yi yawan iskar da ta rage maka. Idan ya yi alamar yanka a maƙogwaronsa, iskarsa ta ƙare ƙaf, kuma babu sauran wata magana sai miƙa masa abin shaƙa. Babban yatsa da muke ɗagawa a Facebook don nuna abu ya yi daɗi, a can ma'anarsa "mu hau sama", shi ya sa sabon shiga kan ga kyakkyawan kifi ya ɗaga yatsa cikin murna, ya tarar malaminsa ya fara shirin fitar da shi. Da dare kuma, ko a ruwa mai duhu, tocila ce ke magana: a zana da'ira da haskenta idan lafiya, a kaɗa ta da sauri idan ana neman agaji.

Uwar alamomin duka ita ce haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, sauran ukun a miƙe. Ita ce "lafiya?" kuma ita ce "lafiya lau". Malamarmu, wata Bamalayiya mai ƙaramin jiki da kaifin murya, ta nanata mana cewa wannan alama tambaya ce ta gaske, dole a amsa ta, kuma amsa biyu kawai gare ta: ko ka mayar da zoben, ko ka karkaɗa tafin hannu. Wanda aka yi wa ita bai amsa ba, ana ɗaukarsa a matsayin mai matsala har sai an tabbatar da akasin haka. Kurum ma magana ce, in ji Hausawa, kuma a ƙarƙashin teku fassararta ɗaya ce tak. Dalili kuwa shi ne, daga wajen zurfin mita 30, iskar naitirojin da ke cikin abin da ake shaƙa kan fara juya tunani kamar abin maye. Mutum zai ji daɗi, ya yi sakaci, ya kalli agogon iskarsa bai fahimci lambar ba. Shi ba zai san ya bugu ba. Abokinsa ne zai gane, ta jinkirin amsa ko ta kallon da ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Na haddace duk wannan, na ci jarrabawa, aka ba ni katin da ya halatta mini sauka har mita 18. Abin da ba a iya cire mini a kwanaki huɗu na horo ba shi ne tarbiyyar shekara talatin da 'yan kai.

Ina da aibi guda da kusan kowane sabon mai nutso ke da shi, wato shan iska da yawa. Ana cika tukunya har agogonta ya nuna 200, a ma'aunin matsi da suke kira "bar". Ƙa'ida ita ce ka sanar da abokinka idan ta kai 100, kuma ka kasance ka dawo saman ruwa da aƙalla 50. Ni kuwa sai in kai 50 alhali wasu ba su sauka daga 110 ba. Tunda ba a barin mutum ya hau shi kaɗai, duk ranar da iskata ta yi ƙasa sai an katse wa abokina yawonsa, wani lokaci ma ayarin gaba ɗaya. Mutane ne da suka biya kuɗinsu, wasu daga ƙasashe masu nisa. Ba wanda ya taɓa yi mini gori, amma kunya ta riƙa cin raina. Ga ni baƙo, ga ni baƙar fata ɗaya tilo a jirgin, ga shi kuma kullum ni ne sanadin tashi daga biki tun ba a raba goro ba.

Ranar da abin ya faru, shagon da muka yi hayar kaya a wurinsa ya haɗa mutane bibbiyu a cikin jirgi, muna tafe, ba tare da ba mu lokacin sanin juna ba. Wannan sakaci ne da ya zama ruwan dare a wuraren yawon buɗe ido, kuma ina ganin laifi ne babba, domin tun ran gini ran zane. Ya kamata abokan nutso su zauna tun a tudu su daidaita alamominsu, su amince a kan zurfin da ba za su wuce ba, da wanda zai ja gaba, da abin da za su yi idan sun rabu. Aka haɗa ni da wani dattijo Bamalaye, malamin makaranta mai ritaya, wanda kowa a jirgin ke kira Pakcik, wato kawu. Shi dai bai yarda da gaggawar ba. Sai da ya duba falmarata, ya taɓa ɗamarar dalmata ya ga yadda ake kwance ta, ya ja maɗaurai, ya sa na shaƙi iska yana kallon allurar agogona, sannan ya ɗaga abin shaƙarsa na biyu, mai bututu rawaya, ya nuna mini inda yake rataye a ƙirjinsa. Na ɗauki abin a matsayin tsantsenin tsofaffi.

Muka sauka kan wani tudun murjani, zurfin wajen mita 18. Ruwan yana da ɗan ja, muna iyo muna fuskantarsa, ni kuma ina harba ƙafa fiye da kima. Bayan ɗan lokaci Pakcik ya juyo ya yi mini zobe. Numfashina ya riga ya fara sauri, amma na mayar masa da zobe. Can kuma ya ɗora yatsu biyu a tafinsa. Na duba agogo, 70 ya nuna. Na san idan na faɗi haka, yawon ya ƙare ke nan, alhali ba mu fi rabin lokacin da aka tsara ba. Sai na yi masa alamar 100. A zuciyata ban kira abin ƙarya ba. Kara na yi masa, irin wadda za ka yi wa mai masaukinka ka ce ka ƙoshi alhali cikinka na kuka.

Bari in tsaya in yi wa mai karatu lissafin da ni ban yi ba a lokacin. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara wa mutum nauyin matsi daidai da na dukkan iskar sararin sama. A mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku, a mita 30 huɗu. Abin shaƙa yana ba ka iska daidai da matsin da ke kewaye da kai, saboda haka numfashi ɗaya a mita 20 yana cin abin da numfashi uku za su ci a tudu. Tukunyar da aka fi bayarwa haya tana ɗaukar lita 11, idan aka matse ta zuwa 200 ta ƙunshi kimanin lita 2,200 ke nan. Mutumin da ke shaƙar lita 20 a minti ɗaya a tudu zai sha 60 a mita 20. Idan agogonsa ya nuna 50, abin da ya rage masa lita 550 ne, wato kusan minti 9 idan hankalinsa a kwance yake. Idan tsoro ya shiga, ko yana kokawa da jan ruwa, a raba wannan biyu. Kuma ba a tsere zuwa sama. Dole a hau a hankali, ba a wuce mita 18 a minti ba, yawancin na'urorin zamani ma rabin haka suke yarda da shi, sannan a dakata minti 3 a mita 5 domin naitirojin da ya shiga jiki ya fita a natse. Wanda ya riƙe numfashi ya yi sama a guje, iskar da ke huhunsa za ta kumbura ta yaga shi.

Jan ruwan ya ƙaru. Na fara zama a baya. Da na sake duba agogo, allura ta shiga jan yanki, ta sauka ƙasa da 30, kuma ganin haka ya sa numfashina ya ƙara gudu. Pakcik yana gabana da tazarar da ba ta fi tsawon ɗaki biyu ba. A tudu taku bakwai ne ko takwas. A can kuwa, da ruwa yana tura ni baya, ji na yi kamar tsakanin Kano da Zariya. Na yi ihu cikin abin shaƙa, ban ji komai ba sai gurnanin kumfata. Ba ni da ƙarfen da zan ƙwanƙwasa tukunya. Tunanin da ya zo mini, kuma shi ne ke zuwa wa kowa, shi ne in harba ƙafa in yi sama.

Abin da ya cece ni, bayan ikon Allah, ɗabi'a ce kawai ta wannan dattijo. Ashe duk bayan 'yan numfashi yakan waiwaya, ko da dalili ko babu, kamar direban da ya saba duba madubi. Ya waiwayo ya ga yawan kumfar da ke tashi daga kaina da yadda nake iyo da hannuwa. Bai yi mini zobe ba a wannan karo. Ya juyo, ruwan ya kawo shi gare ni cikin daƙiƙu, ya kama agogona ya duba da idonsa. Ya cire bututun nan rawaya ya miƙo mini, ya damƙe maɗaurin kafaɗata da hannu ɗaya, ya kafa idanunsa cikin nawa, yana ɗaga tafin hannu yana saukewa a hankali, wato in sassauta numfashi. Sai da ya ga na natsu sannan ya ɗaga babban yatsa. Muka hau tare, muka yi dakatawar minti 3 a mita 5, mu biyu muna shan iskar tukunya ɗaya, fuska da fuska. Ban taɓa jin minti 3 masu tsawo da nauyin kunya kamar waɗannan ba.

A cikin jirgi bai ɗaga murya ba. Ya jira har mutane suka shagala da shayi, sannan ya zauna kusa da ni. Na fara ba shi haƙuri, ina cewa ban so in ɓata masa yawo ba ne. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, da na tambaye ka, ba iskarka nake tambaya ba. Tawa nake tambaya. Da bututuna ne ya fashe a can ƙasa, wurin wa zan je?"

Wannan tambaya ita ce ta sauya mini fahimtar al'amarin gaba ɗaya. Ni na ɗauka iskar da ke bayana tawa ce, idan na yi ganganci da ita kaina na cuta. Ashe a tsarin abokin nutso, kowane mutum yana goye ne da ajiyar ɗan'uwansa. Wannan 50 da ake cewa a rage, da bututu rawaya da kowa ke ratayawa, ba don mai su aka tanade su ba. Lokacin da na ce 100 alhali 70 ce, na bar dattijon yana yawo a zurfin mita 18 da tabbacin cewa yana da madogara, alhali na riga na shanye ta. Masu nutson kogo sun fi kowa tsanantawa a nan: kashi ɗaya cikin uku na iska don shiga, ɗaya don fitowa, ɗaya kuma ba a taɓa shi, na aboki ne. Su ne kuma suka yaɗa ƙa'idar da na fi so a duk harkar, cewa kowane mai nutso yana da ikon ɗaga yatsa ya soke nutso a kowane lokaci, bisa kowane dalili, kuma ba a tuhumarsa. An kafa ta ne musamman don a kashe irin kunyar da ta kusa kashe ni. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kada mai karatu ya ɗauka labarina baƙon abu ne. Ƙungiyar DAN, wadda aka kafa a Amurka a 1980 don nazarin haɗurran nutso, ta bi diddigin mace-mace 947 da suka auku tsakanin 1992 da 2003. A cikin waɗanda aka iya gano mafarin matsalarsu, ƙarewar iska ce ta zo kan gaba da kimanin kashi 41 cikin 100, sai maƙalewa a cikin wani abu, sannan matsalar kayan aiki. Abin lura shi ne, iska ba ta ƙarewa kwatsam. Agogo yana nan yana faɗin gaskiya tun daga 200 har zuwa sifiri. Kafin ta ƙare, sai dai in an daina dubawa, ko an daina tambaya, ko an ba da amsar da ba ita ba.

Adalci ne in kawo hujjar waɗanda ke sukar tsarin, domin ba wawaye ba ne. Suna cewa abokin nutso kan zama ruɗi: mutum biyu marasa ƙwarewa, kowa ya jingina da ɗaya, ba su fi mutum ɗaya aminci ba. Suna da wani barkwanci a kan abokan da abin da ya haɗa su kawai shi ne teku ɗaya suke ciki, ɗaya na bin kififiya da kyamara, ɗaya na can yana leƙen rami. Suna kuma cewa wanda ya firgita yakan fizge abin shaƙa daga bakin mai cetonsa, a rasa rai biyu maimakon ɗaya. A kan haka ne wata ƙungiyar horo mai suna SDI ta fara ba da shaidar nutson kaɗaici a 1999, ga ƙwararru masu ɗauke da tukunya ta biyu. Na yarda da rabin maganarsu. Sai dai idan aka duba da kyau, abin da suke suka shi ne abokin da ba ya kallo, wanda ya yi nisan da ba za a cim masa da numfashi ɗaya ba. Ma'aunin tazara ke nan a wurina: idan ka fitar da numfashi ka ja ka ji babu komai, za ka iya isa gare shi kafin ƙirjinka ya tilasta maka yin wauta? A ruwa garau wannan 'yan mitoci ne. A ruwa mai laka kuwa tsawon hannu ne. Idan kuma an rabu duk da haka, ƙa'idar da ake koya wa kowa ita ce ka duba kewaye, sama da ƙasa, na minti ɗaya kacal, kana neman kumfa, in ba ka gan shi ba ka hau a hankali ku haɗu a sama. Tana aiki ne kawai idan ku biyun kun amince da ita tun a tudu, in ba haka ba ɗaya zai hau, ɗaya ya zauna a ƙasa yana ƙone iskarsa wajen neman wanda ya riga ya fita.

Inda ido ya gaza gaba ɗaya, sai a koma ga taɓawa. Duniya ta ga haka a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan a 2018, lokacin da ruwa ya rufe yara 12 'yan ƙwallo da mai horar da su tun daga 23 ga Yuni, har sai 2 ga Yuli Turawan Birtaniya biyu, John Volanthen da Rick Stanton, suka iske su da rai. Ruwan kogon kamar kunun kanwa yake, mutum ba ya ganin tafin hannunsa a wurare da yawa. Da aka zo fitar da su tsakanin 8 da 10 ga Yuli, likita Richard Harris na Ostireliya ya yi wa yaran allurar barci, kowane yaro aka damƙa shi ga mai nutso guda. Yaron da ke barci ba zai amsa zobe ba. Abin da mai ɗauke da shi ke saurare, a cikin duhu, na tsawon sa'o'i, shi ne fitar kumfa daga abin rufe fuskar yaron, kowace kumfa tana matsayin "ina nan". Dukkansu sun fito. Amma kwanaki kaɗan kafin haka, a ranar 6 ga Yuli, tsohon sojan ruwan Tailan Saman Kunan ya suma a hanyarsa ta dawowa daga kai tukwanen iska cikin kogon. Yana tare da abokin nutso, abokin ya yi iya ƙoƙarinsa ya farfaɗo da shi, bai yi nasara ba. Ina kawo wannan ne don kada a ce na mayar da aboki laya. Yana ƙara maka dama ne kawai, kwana kuma idan ya ƙare ya ƙare.

Mu ma nan gida muna da namu labarin hannu a cikin duhu. A ranar 26 ga Mayu, 2013, jirgin ruwan Jascon-4 ya kife a gaɓar tekun Najeriya ya nitse zuwa zurfin kimanin mita 30. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya rayu kusan sa'o'i 60 a wani lungu da iska ta maƙale. Masu nutson da aka turo gawawwaki suka zo nema. Su ba irin nutsonmu na shaƙatawa suke yi ba, suna da igiyar da ke kawo musu iska da waya daga sama, kuma akwai mai kula da su yana kallon abin da kyamararsu ke gani, yana magana da su a kowane mataki. Ɗayansu ya ga hannu a cikin ruwan, ya kama shi a zaton gawa ce, sai hannun ya damƙe nasa. Daga nan muryar mai kula da su ce ta riƙa jagorantar mutum biyun, ana tambayar Okene, yana amsawa, har aka shigar da shi ƙararrawar nutso, daga bisani aka ajiye shi kwanaki a ɗakin rage matsi kafin ya shaƙi iskar duniya. Daga baya shi kansa ya koyi aikin nutso ya mayar da shi sana'a.

Washegarin ranar da Pakcik ya ba ni iskarsa, na yi niyyar zama a masauki. Shi ne ya aiko a kira ni, ya kuma gaya wa mai jirgin cewa da ni zai sauka. Kafin mu shiga ruwa ya ce mu sauya tsari: ba zai ƙara tambayata da yatsu ba, idan ya nuna agogonsa, in juyo masa da fuskar nawa ya karanta da kansa, shi ma zai juyo mini da nasa. Haka muka yi. Mun yi minti 31 a ƙasa na kai 70, na nuna masa, ya ɗaga babban yatsa, muka kama hanyar sama. Agogonsa a lokacin yana kan 130.